An kashe fitilar "cek injin" amma mota ba ta manta ba: Yadda za ka shirya motarka kafin gwajin hayaƙi

Ranar da wani ƙanena ɗan Gummi ya sayi motarsa ta farko, duk wanda ke da lambarsa sai da ya sani. Hoto a WhatsApp, bidiyo a TikTok, makulli a hannu, ga addu'o'i na ta shigowa: Allah ya sa alheri, Allah ya tsare hanya, a kashe lafiya. Corolla ce ƙirar 2006, 'yar Amurka, ya saye ta a wata kasuwar motoci a Kano da kuɗin da ya kwashe shekara uku yana tarawa daga POS da ɗan sarin hatsi.

Kafin ya biya, ya yi duk abin da mu ma muke yi. Ya buɗe bonet ya saurari injin, ya zaro sandar baƙin mai ya duba, ya ƙwanƙwasa bodi, ya kunna AC, ya zagaya unguwa da ita. Dashbod kuma fes, babu fitilar gargaɗi ko ɗaya.

Ya kamo hanya ta Funtuwa da Tsafe, ya iso Gusau da la'asar, ya kwana a can, don a wannan zamani ba a ɗaukar hanyar Anka da yamma. Washegari da hantsi ya tashi. Ya wuce mararrabar Mayanci ke nan, bai kai Anka ba, sai ga wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar injin ta kama a gabansa. Cek injin.

Ya kira dillali, dillali ya ce shi dai lafiya lau ya miƙa mota. Ya tsaya wurin wani bakanike, aka cire kan batir na minti biyar aka mayar, fitila ta mutu, ya ba da na goro ya kama hanya. Bayan kwana biyu ta dawo. Aka sake cirewa, ta sake dawowa. Sai a karo na uku wani matashi da ya koyo aikin sikana ya jona 'yar na'urarsa, lamba ta fito: P0420. Da aka leƙa ƙarƙashin motar, tukunyar indomi na nan a wurinta, amma cikinta fayau, an fasa an kwashe an sake yi mata walda.

Abin da ya fi ba ƙanena haushi shi ne jin cewa tun a Kano motar ta so ta faɗa masa gaskiya. Da ya jona irin wannan na'urar kafin ya biya, da ya ga alamar cewa ba a daɗe da goge mata ƙwaƙwalwa ba.

Mota na yi wa kanta jarrabawa

Tun daga ƙirar 1996, doka ta tilasta wa duk ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da wani tsari da ake kira OBD-II. Turai ta biyo baya da nata, masu amfani da fetur daga 2001, masu dizal daga 2004. Alamarsa wani ɗan soket ne mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, galibi kusa da gwiwar direba. Idan motarka Corolla ce, Camry, Matrix, Vibe, Civic, ko Honda Accord irin su EOD da DC, tana da shi. Tsofaffin Golf da Fijo 504 da ke jigilar mutane tsakanin kasuwanninmu sun girmi wannan tsari.

Aikin tsarin shi ne sa ido kan duk abin da zai iya ƙara wa mota hayaƙi mai guba. Ƙwaƙwalwar mota, wadda kanikawa ke kira birenbos, tana gudanar da gwaje-gwaje da kanta kana cikin tuƙi ba ka ma sani ba.

Uku daga cikinsu ba sa tsayawa matuƙar injin na aiki: gwajin ko wani fulogi na tsallake wuta, gwajin daidaiton mai da iska, da gwajin wayoyi da sensoci. Sauran kuwa sai an cika musu sharaɗi suke tashi. A cikinsu akwai gwajin indomi, gwajin sensar iskar oksijin da 'yar hitar da ke cikinta, gwajin tururin fetur da ke tashi daga tanki, da gwajin bawul ɗin da ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin injin, wato EGR. Wani sai injin ya kwana ya huce, wani sai an yi tafiya mai nisa da gudu ɗaya, wani sai an saki totur mota ta gangara da kanta.

Idan ka jona sikana ka shiga wurin da aka rubuta "I/M Readiness", za ka ga jerin waɗannan gwaje-gwaje. Wanda ya kammala zai nuna "Ready" ko "OK". Wanda bai kammala ba zai nuna "Not Ready" ko "INC". Wanda motar ba ta zo da shi ba tun daga kamfani zai nuna "N/A", wannan ba matsala ba ne.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. "Ready" na nufin an yi jarrabawar, sakamako ya fito. Ko an ci ko an faɗi, wannan fitilar cek injin da lambobin matsala ne za su faɗa. "Not Ready" kuwa tamkar ɗalibin da bai shiga ɗakin jarrabawa ba ne: babu F9 a takardarsa, amma babu makarantar da za ta ɗauke shi da ita.

Me ke faruwa idan an cire kan batir

Da ka cire kan batir, ko ka danna "goge" a sikana, ƙwaƙwalwa na share lambobin matsala, fitila ta mutu. Amma tana share sakamakon gwaje-gwajen nan ma gaba ɗaya, su koma "Not Ready". Da gangan aka tsara haka, don a hana mai mota goge laifi a bakin ƙofar wurin bincike.

A jihohin Amurka da ke duba hayaƙi ta wannan soket, jami'i zai jona kwamfutarsa, idan ya ga gwaje-gwaje ba su kammala ba sai ya ce ka je ka dawo, ko da dashbod ɗinka fes yake. A ƙa'idar da hukumar kare muhalli ta ƙasar ta shimfiɗa, ana ɗaga wa motar 1996 zuwa 2000 ƙafa idan gwaji biyu ne suka rage, ta 2001 zuwa sama kuwa guda ɗaya kacal, wasu jihohin ma sun fi haka tsanani. Daga ƙirar 2010 aka ƙara wani tarko: akwai lambobin da ko sikana ko cire batir ba ya goge su, sai ƙwaƙwalwa ta gwada da kanta ta tabbatar an gyara.

Me ya sa fitilar ƙanena ba ta kama tun a hanyar Funtuwa ba? Saboda matsaloli da yawa, har da ta indomi, sai ƙwaƙwalwa ta gan su a tafiya biyu a jere kafin ta kunna fitila. A tafiyar farko ta rubuta ta ajiye a matsayin zargi. Da ya kwana a Gusau ya sake tashi ta sake gani, sai ta tabbatar. Wannan tazarar ita ce kasuwar dillalin da ba ya tsoron Allah: ya goge da safe, ka zagaya unguwa na minti goma, ka biya, ka tafi.

To ina ruwanmu, wa ke duba hayaƙi a Gummi?

Tambaya ce mai kyau. A hanyoyinmu, abin da jami'an VIO, ZAROTA ko na hukumar kiyaye haɗurra suka fi tambaya shi ne takardu, lasin, taya, fitilu da tukunyar kashe gobara. Amma dokar tana nan. Tun 2011 hukumar NESREA ke da ƙa'idojin taƙaita hayaƙin motocin fetur da dizal. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da matakin Euro 4 ga motocin da ake shigowa da su, da kuma rage sinadarin sulfa a cikin mai. A Legas da Abuja akwai cibiyoyin duba lafiyar mota da kwamfuta, kuma auna hayaƙin salansa na cikin abin da ake yi. Wanda aiki, karatu ko hidimar ƙasa ta kai shi can da motarsa zai iya cin karo da su.

Dalili na biyu ya fi kusa da aljihu. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da janye tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Wasu daga cikin abubuwan da ke hana gwaje-gwajen nan kammaluwa, ko ke sa su faɗi, suna sa mota shan mai fiye da ƙima. Fitilar da ka liƙe da baƙin salatif tana iya cin kuɗin cefanenka kowane mako.

Na uku, motocinmu daga can suka zo. Wani rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai, Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin 100 daga cikinsu Afirka suka nufo. Binciken da hukumomin Holan suka yi kan waɗanda ake lodi daga ƙasarsu ya gano yawancinsu ba su da takardar shaidar lafiya mai aiki, wasu ma an riga an yanke musu indomi. Ke nan ba kowace 'yar Beljiyam ko 'yar Kwatano ce ke isowa da cikakken kaya ba.

Abubuwan da ke hana gwajin kammaluwa a yankinmu

Cire tamostat. Wannan ya zama kamar al'ada. Mota na isowa sai a ce ai na ƙasar sanyi ne, a cire, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga kunna makulli. Aikin tamostat shi ne tsare ruwa har injin ya kai zafin aikinsa, wajen digiri 80 zuwa 90. Idan babu shi, injin na daɗewa bai yi ɗumi ba, musamman da hunturu ko a doguwar tafiya da asuba. Ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka har yanzu da sanyi, ta ci gaba da zuba mai da yawa, kuma ta ƙi fara wasu gwaje-gwajen. Lambar da ta fi fitowa ita ce P0128. Motar da ke zafi tana da wani dalili: lagireto ya toshe, fanka ta mutu, ruwa na yoyo, ko tamostat ɗin ne ya maƙale, a sa sabo.

Tafiya da mai a ƙasan tanki. Mu 'yan lita uku ne, lita biyar, wani lokacin ma galan ɗaya a wurin 'yan bumburutu. Gwajin tururin fetur a yawancin motoci ba ya tashi sai mai na tsakanin kashi 15 da kashi 85 cikin 100 na tanki. Wanda allurarsa ke kwana a ja kullum zai iya shekara wannan gwajin bai kammala ba. Wanda ya cika tanki har baki shi ma haka.

Zafin rana. Shi wannan gwajin na tururi yana son yanayi matsakaici, a motoci da yawa bai wuce digiri 35 ba. A Maris da Afrilu zafin Anka da Bukkuyum na haura 40 da rana. Saboda haka da sassafe, ko da damina da hunturu, ya fi saurin kammaluwa.

Murfin tanki. Idan robarsa ta tsage, ko an maye gurbinsa da leda da tsumma, tururi zai riƙa fita, lamba irin P0455 ta fito. Wannan shi ne gyara mafi araha a duk jerin.

Batir mai rauni. Wanda ke cire kan batir kowane dare don kada ya sauke, ko wanda kullum sai an tura ko an yi masa jan wuta, yana goge sakamakon da hannunsa ba tare da ya sani ba.

Cire indomi. A cikin tukunyar nan akwai wani abu mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an shafe shi da ƙarafa masu tsada: filatinam, faladiyam da rodiyam. Su ne ke juya iskar kabon monoksaid, ɗanyen fetur da bai ƙone ba da sinadaran naitirojin su koma abin da bai kai su illa ba. Tsadar ƙarafan ce ta sa ake da masu saye, shi ya sa wani zai ce maka cirewa na ƙara wa mota ƙarfi. Gaskiya ne indomin da ya toshe yana shaƙe mota, amma ba haka kawai yake toshewa ba. Fulogi ko kwayil da ke tsallake wuta, injin da ke shan baƙin mai, ko gurɓataccen fetur ne ke kashe shi. Akwai sensa ɗaya kafin tukunyar, ɗaya bayanta. Idan ta bayan ta ga hayaƙi ya fito yadda ya shiga, P0420 ke nan, kuma babu yawan tuƙin da zai kawar da ita.

Yadda ake shirya mota

Mataki na farko, karanta kafin ka goge. Ka sa a jona sikana, ka ɗauki hoton lambobin da wayarka, har da waɗanda ke matakin zargi. Lamba na nuna inda za a fara bincike ne kawai. P0171, misali, na cewa iska ta fi mai yawa, amma dalilin zai iya zama tiyo da ya tsage, famfon mai da ya gaji, nozul da ya toshe ko sensa da ta yi datti. Kada ka yarda a fara sayen kaya da ka.

Na biyu, a yi gyaran. Idan an gyara da gaske, ko ba a goge ba fitilar kan mutu da kanta bayan tafiya uku a jere ba tare da matsalar ta sake bayyana ba. Amfanin barin ta ta mutu da kanta shi ne sauran gwaje-gwajen da suka riga suka kammala ba za su goge ba.

Na uku, idan an riga an goge ko an canja batir, sai tuƙi. Kowane kamfani na da nasa tsarin, amma wannan shi ne abin da ya fi yi wa yawancin motocin fetur aiki:

Ka sa mai ya kasance tsakanin kwata da kashi uku cikin huɗu na tanki, ka ɗaure murfi da kyau. Ka bar motar ta kwana, aƙalla awa takwas ba a tashe ta ba. Da safe ka tashe ta kai tsaye, kada ka bar makulli a kunne na tsawon lokaci kafin ka tayar. Ka bar ta a silo minti biyu zuwa uku da AC da fitilu a kunne, sannan ka kashe su.

Ka hau titi, ka ƙara gudu a hankali har wajen kilomita 90 a awa, ka riƙe shi haka minti uku zuwa biyar ba tare da wasa da totur ba. Sai ka ɗaga ƙafa ka bar ta ta sauko da kanta zuwa wajen 30, ba birki, ba sa giya a firi. Ka sake hawa 90 ka riƙe minti biyar ko fiye, ka sake sakin ta. Daga nan ka shiga gari ka yi tuƙin yau da kullum na kwata ɗaya na awa, tsaya-tafi, ka ƙare da silo na minti biyu kafin ka kashe.

Ka jona sikana ka duba, amma ka kiyaye yatsanka daga maɓallin gogewa, in ba haka ba ka koma farko. Ba lallai komai ya kammala a rana ɗaya ba. Sau da yawa kwana uku zuwa mako guda na tuƙin gari da na babban titi sun isa. Gwajin indomi da na tururi su ne suka fi jinkiri. Idan mako biyu suka wuce wani gwaji ya ƙi motsi, akwai abin da ke tare shi, a koma a duba tamostat da sensar oksijin.

Masu Honda da yawa na da hanyar dubawa ko babu sikana. Ka murɗa makulli fitilu su kama amma kada ka tayar, ka zuba wa cek injin ido kamar daƙiƙa 20. Idan ta mutu kai tsaye, gwaje-gwaje sun kammala. Idan ta yi ƙyafta-ƙyafta kafin ta mutu, da saura.

Gargaɗi ɗaya: idan kana tafiya ka ga cek injin na ƙyaftawa ba tsayawa, wannan ba irin ta "sai na samu kuɗi" ba ce. Injin na tsallake wuta sosai, ɗanyen fetur na zuba cikin indomi yana ƙona shi. Ka rage gudu, ka nufi gareji mafi kusa.

Rai ya fi fitila

Duk bayanin da ke sama an tsara shi ne don ƙasashen da mutum zai fita da asuba ya hau titi shi kaɗai hankali kwance. Mu mun san halin da hanyar Anka zuwa Ɗaki Takwas zuwa Gummi ke ciki, da hanyoyin da ke shiga Bukkuyum. Ga ramuka, ga shingayen bincike, ga matsalar 'yan bindiga da ta ɗaiɗaita garuruwa da dama.

Kada wani ya fita da duku-duku ko da almuru don kawai yana so sikana ta nuna masa "Ready". Ka haɗa abin da tafiyar da dama za ka yi, da rana, lokacin da motoci ke bin hanya, bayan ka tambayi direbobin tasha labarin hanya. Ɓangaren silo da na tuƙin gari ka yi shi a cikin gari. Ɓangaren gudu kuma ka bari sai ka samu shimfiɗaɗɗen wuri mai lafiya, kuma ba sai ka cika shi a zama ɗaya ba, ƙwaƙwalwa na ajiye wanda ya kammala. Sakin totur ba birki ma sai ka duba madubi ka tabbatar babu tirela a bayanka.

Idan kai ne mai saye

Wannan ilimi ya fi amfani a ranar ciniki. 'Yar na'urar ELM327 da ake haɗawa da waya ta Bluetooth ba ta kai kuɗin cika tanki ɗaya ba, manhajoji irin su Torque da Car Scanner kuma suna nan a waya. Ka tafi da ita, ko ka tafi da wanda ya iya.

Da farko ka murɗa makulli ba tare da tayarwa ba. Dole cek injin ta kama tare da sauran fitilu. Idan ba ta kama ba, an cire ƙwan ko an rufe shi. Sannan ka jona ka duba jerin gwaje-gwajen. Idan ka ga yawancinsu "Not Ready", ba a daɗe da gogewa ba. Motoci da yawa ma na nuna kilomita nawa aka yi tun gogewar ƙarshe.

A yi adalci: motar da ta daɗe a ajiye batirinta ya mutu, ko wadda aka sauke daga jirgin ruwa, ita ma za ta nuna haka, ba lallai mai ita macuci ba ne. Amma hakan na nufin motar ba ta ba da shaida a kan kanta ba tukuna. Ka nemi a yi doguwar tafiya da ita, a kashe, a sake tashi, a sake jonawa. Ka sa bakanikenka ya leƙa tukunyar indomi ya ga ko akwai sabuwar walda. Wanda ya ƙi yarda da wannan ya riga ya ba ka amsa.

Ga matasan da ke neman sana'a kuma, ga ƙofa a buɗe. Motoci masu ƙwaƙwalwa na ƙaruwa a garuruwanmu, masu iya karanta su da fahimta ba su da yawa. Sayen sikana abu ne mai sauƙi, sanin abin da lamba ke nufi da haƙurin bin waya har a gano inda ta yanke shi ne aikin. Wanda ya haɗa wannan da zama a gaban tsohon bakanike ya koyi injin da hannu ba zai rasa abin yi ba.

Gubar da ido ba ya gani

Mutanen Anka da Bukkuyum ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan gubar da ba a gani. A 2010 ne aka gano gubar dalma a ƙauyuka irin su Dareta, Abare, Bagega da 'Yargalma, daga ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka buƙaci magani, ƙungiyar likitoci ta MSF ta kwashe shekaru tana aiki a yankin. Ƙurar ba ta da wari, ba ta da alama, sai da aka auna aka gani.

Hayaƙin mota bai kai wannan masifa ba, kuma fetur ɗin yau babu dalma a cikinsa, an daina zuba ta a duniya baki ɗaya tun 2021. Amma darasin ɗaya ne. Kabon monoksaid ba shi da launi, ba shi da wari, shi ne ke kashe iyali a ɗaki idan aka kwana da janareto a kusa. Motar da aka kwashe wa indomi tana fitar da shi ninkin-ba-ninkin. Wa ke shaƙa? Yarinyar da ke tallar gyaɗa a tasha daidai tsayin salansa, mai shayi a bakin titi, yaron gareji da ke kwance ƙarƙashin mota tana aiki, da kai kanka idan salansa na yoyo kana zaune a ciki gilashi a rufe.

Ƙanena dai ya yi ta maza. Ya fara da sabon tamostat, don ashe shi ma an cire, ya canja fulogi da murfin tanki, ya ce tun a makon farko ya ga bambanci a shan mai. Indomi kuwa sai da ya jira bayan girbi ya sayar da 'yan buhuna kafin ya iya saye. Bayan an ɗaura, ya yi kwana biyar yana zirga-zirgarsa ta yau da kullum, ya je Gusau ya dawo da rana. Da aka jona sikana, duk layin ya koma "Ready", babu lamba ko ɗaya.

Wannan hoton bai ɗora shi a TikTok ba, ni kaɗai ya turo wa. Yanzu 'yar na'urar na cikin aljihun motarsa, kuma duk abokin da zai je sayen mota sai ya biyo ta Gummi ya are ta.